Firemwok a ƙaramar manhaja: yaushe kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

Duk inda masu rubuta manhajar intanet suka haɗu, in dai hira ta yi nisa, sai an zo kan wannan gardama: aikin da bai wuce shafi biyar ko shida ba, ya cancanci a ɗauko masa firemwok, wato shiryayyen tarin kod irin Laravel ko Django, ko kuwa mutum ya buɗe fayil ya rubuta kod ɗinsa tsura da harshen PHP ya sallami mai aiki? Wani zai ce firemwok nauyin banza ne, ya cika maka kwamfuta da dubban fayil alhali abin da kake nema fom ɗaya ne da tebur ɗaya. Wani kuma ya ce duk wanda ya ƙi firemwok, ƙarshenta nasa zai ƙera da hannu, kuma nasa ɗin ba zai kama ƙafar na mutane ba. Kowanne akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Abin da ke hana gardamar mutuwa, a nawa ganin, shi ne ma'aunin da ake ɗauka. Ana ƙirga shafuka da layukan kod a yanke hukunci, alhali abin dubawa shi ne me manhajar za ta riƙe, shekara nawa za ta yi tana aiki, kuma hannun wa za ta koma in wanda ya rubuta ta ya kama gabansa.

Kowace manhajar intanet, komai ƙanƙantarta, akwai ayyukan da ba ta tsallakewa. Burauza ta aiko da buƙata, sai a duba adireshin a san wane ɓangaren kod ne zai amsa. A karɓi abin da mutum ya cike a fom, a tantance. A je rumbun bayanai a ɗauko ko a ajiye. A tuna cewa wannan mutumin ya riga ya shiga da kalmar sirrinsa ɗazu, domin ita ƙa'idar HTTP ba ta riƙe kowa a rai, kowace buƙata baƙuwa ce a wurinta. Sannan a haɗa shafin HTML a mayar. Firemwok tarin kod ne da wasu suka riga suka rubuta don waɗannan ayyuka, haɗe da tsarin inda kowane abu zai zauna. Bambancinsa da laburare shi ne wa ke riƙe da linzami: laburare kai kake kiransa sa'ad da ka ga dama, firemwok kuwa shi ke jan ragama, ya kira kod ɗinka a gurbin da ya ware maka. Abin ya yi kama da kama shago a filaza maimakon kafa rumfa a bakin titi. A filaza za ka tarar da maigadi da janareta da ƙofar ƙarfe, amma ba ka fasa bango yadda ka so, kuma kuɗin hidima ba ya tsayawa ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba.

Masu cewa firemwok kayan manyan kamfanoni ne sun manta daga inda suka fito. Ruby on Rails, wanda David Heinemeier Hansson ya saki a 2004, ciro shi ya yi daga cikin Basecamp, manhajar wani ƙaramin kamfani. Django a ofishin jarida aka haife shi, Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara shi a 2003 saboda ana buƙatar su riƙa fitar da sababbin shafuka da saurin aikin jarida. An buɗe shi ga kowa a 2005. Shi ya sa har yau yake zuwa da shafin gudanarwa a shirye, wanda tun asali an yi shi ne don ma'aikatan da ba su san kod ba su riƙa shigar da bayanai da kansu. Taylor Otwell ya fito da Laravel a 2011. Wato mutane ƙalilan ne da suka gaji da maimaita aiki ɗaya suka tattara shi wuri guda. A ɗaya ɓangaren kuma, Rasmus Lerdorf, wanda ya ƙirƙiro PHP a 1995, ya taɓa yin rubutu a 2006 yana nuna yadda za a tsara manhaja tsaf da PHP kaɗai ba tare da wani firemwok ba. Gardamar ta kai shekara ashirin ke nan, kuma manya ne a kowane gefe.

Mu ɗauki misali na kusa. A ce wata makaranta mai zaman kanta ta nemi a yi mata shafin duba sakamako: uba ya sa lambar ɗansa, makin zangon ya fito. A ido wannan ba komai ba ne, shafi biyu da tebur biyu, aikin yini guda. Mai rubutu ya buɗe fayil, ya karɓi lambar daga fom, ya manna ta kai tsaye a cikin umarnin SQL da zai tura wa rumbun bayanai. Ya gwada da lambar ɗalibi uku, ta yi aiki, ya karɓi kuɗinsa. Ranar da wani yaro mai rawar kai ya rubuta ' OR '1'='1 a gurbin lambar, sai umarnin ya koma yana cewa a kawo ɗalibin da lambarsa kaza, ko kuma duk wanda ɗaya daidai yake da ɗaya. Ɗaya kuwa kullum daidai yake da ɗaya, don haka rumbun ya zazzago sakamakon makarantar gaba ɗaya. In yaron ya ƙara wayo, ta wannan kafar zai iya leƙa sauran teburan, har da na malamai da kalmomin sirrinsu.

Kada a ɗauka wannan kuskuren 'yan koyo ne kawai. A watan Oktoban 2015 ta irin wannan kafa aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, aka kwashi bayanan kwastoma kusan 157,000, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000 a shekarar da ta biyo. Kuma ta ina aka shiga? Ta wasu tsofaffin shafuka da kamfanin ya gada lokacin da ya sayi Tiscali, waɗanda aka bari ba mai waiwayarsu. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan haɗurran manhajojin intanet guda goma, ta sa wannan nau'in kutse a lamba ta ɗaya a 2010 da 2013 da 2017, sai a 2021 ya sauko na uku.

A nan ne firemwok ke cin kuɗinsa. Ba wai yana da wani sirri da PHP tsura ba ta da shi ba ne. PDO, wanda ke raba umarni da abin da mutum ya rubuta don kada su cakuɗe, yana cikin PHP tun 2005. Password_hash, mai rikiɗa kalmar sirri kafin a ajiye ta, ya shigo a 2013. Kayan suna nan. Bambancin shi ne a kod ɗin hannu dole ka tuna da su a kowane fom da kowane umarni, ranar da ka gaji da ranar da mai aiki ke matsa maka da waya. A Django ko Laravel kuwa, hanyar da ta fi sauƙi ita ce hanyar da ta fi tsaro, sai ka yi da gangan kafin ka kauce. Idan wani ya rubuta kod ɗin JavaScript a gurbin suna don ya tashi a burauzar shugaban makaranta, injin haɗa shafi zai mayar da shi rubutu maras lahani ba tare da ka ce masa komai ba. Idan ka manta da sa alamar da ke tabbatar da cewa fom daga shafinka ya fito, Laravel zai ƙi karɓa, ya jefo maka kuskure mai lamba 419. Sababbin shiga kan yi tsaki in sun ga wannan lamba, wasu ma su je su kashe binciken gaba ɗaya don aiki ya wuce, alhali shi ne ke hana wani shafin waje ya yaudari burauzar malami ta canza maki ba da saninsa ba.

Sai kuma batun shiga da fita, wanda shi ne layin da nake ja. Da zarar an ce malamai za su riƙa shiga su sa maki, aikin ya tashi daga shafi biyu. Ana buƙatar ajiye kalmar sirri yadda ko an sace teburin ba za a karanta ta ba, da hanyar sake ta in an manta, da saƙon imel mai ɗauke da mahaɗin da zai mutu bayan ɗan lokaci, da dakatar da wanda ke ta gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya, da sabunta lambar zama, wato lambar da manhaja ke gane wanda ya shiga da ita, bayan an shiga, da bambance abin da malamin aji zai gani da abin da mai makaranta zai gani. Kowanne cikin waɗannan ƙaramin aiki ne, kuma kowanne akwai yadda ake yin sa ba daidai ba ya ci gaba da aiki lafiya lau har ranar da abin zai fashe. Wanda ya ce zai rubuta su duka da hannu don manhajar ƙarama ce, ya ɗauki aikin da ya fi manhajar kanta girma. Kuma abin da ke ciki sunayen yara ne da hotunansu da lambobin iyayensu. A Najeriya, tun da aka sa hannu a dokar kare bayanai ta 2023, riƙe irin wannan ba abin wasa ba ne ko a gaban hukuma.

Amma akwai abin da firemwok ba zai yi maka ba, kuma masu tallarsa ba su cika faɗa ba. A ce uba ya shiga daidai, adireshin shafin sakamakon ɗansa ya ƙare da lamba 104. Ya goge 4 ya sa 5, sai ga sakamakon ɗan maƙwabci. Babu wani Django da zai san cewa 105 ba ɗansa ba ne, sai in kai ka rubuta wannan sharaɗi. Irin wannan sakaci na rashin tantance wa ke da ikon ganin me, shi ne ya karɓi lamba ta ɗaya a jerin OWASP na 2021.

Yanzu ga kuɗin hidima. Firemwok ba abin da ake girkawa sau ɗaya a manta ba ne. Laravel yana fitar da babbar siga kowace shekara, kuma kowace siga tana samun gyaran tsaro na shekara biyu ne kacal. Django yana da sigogin dogon zango da ake kula da su shekara uku: 4.2 ta fito a Afrilun 2023, 5.2 a Afrilun 2025. Bayan wa'adin, in an gano ɓaraka, kai da Allahnka. Kuma ɓarakar firemwok ta fi ta kod ɗin hannu saurin jawo ɓarayi, saboda ana sanar da ita a fili, masu kutse su saki injinan da ke bin intanet gida-gida suna neman wanda bai sabunta ba. Ba ruwansu da ko makaranta ce ko banki. Abin da ya sami Equifax, kamfanin tattara bayanan bashi na Amurka, ke nan a 2017. An fitar da gyaran wata ɓaraka a firemwok ɗin Apache Struts a watan Maris, kamfanin bai sa shi a ɗaya daga cikin shafukansa ba, zuwa Mayu an shiga, aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. Idan kamfani mai ma'aikatan tsaro na musamman ya yi wannan sake, a yi tunanin manhajar makarantar da aka biya kuɗinta sau ɗaya, babu yarjejeniyar kulawa, wanda ya rubuta ta kuma ya canza layi.

Wurin ɗora manhajar ma yana da ta cewa. Yawancin ƙananan ayyuka a kan hostin mai araha na haɗaka suke zama, irin mai cPanel, inda fayil ɗin PHP jefa shi kawai za ka yi ya fara aiki. Laravel kuwa an tsara shi ne folda ɗaya kaɗai, mai suna public, ta fuskanci duniya, sauran su ɓuya a baya. Wanda bai gane haka ba sai ya juye komai cikin public_html, foldar da kowa ke iya buɗewa ta intanet, har da fayil ɗin .env mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin kamfanin karɓar kuɗi, kuma in saitin sabar bai kare shi ba, duk wanda ya rubuta sunan fayil ɗin a adireshi zai karanta shi. Haka wanda ya bar yanayin gwaji a kunne, kowane kuskure ya riƙa baje sirrin manhajar a allo. Firemwok a hannun wanda bai san abin da yake ɓoye masa ba yana iya fin kod tsura haɗari. Shi ya sa nake ganin ɗalibi ya kamata ya rubuta manhaja ɗaya da hannu tun daga fom har rumbu, ya ga yadda kuki da zama, abubuwan da ke tuna wanda ya shiga, suke aiki, kafin ya taɓa Laravel. Amma ya yi ta a kwamfutarsa, ba da bayanan mutane ba.

Wani abin da ke rikita zancen shi ne ana haɗa abu biyu a suna ɗaya. Duk abin da na faɗa zuwa yanzu kan ɓangaren saba ne, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta. React da Vue da Angular kuwa a burauza suke aiki, kuma hukuncinsu daban ne. Facebook ya saki React a 2013 don magance matsalarsa: allo mai sassa da yawa da ke canzawa a lokaci guda ba tare da an sake loda shafi ba. Shafin duba sakamako ba shi da wannan matsala. Idan aka yi shi da React, wayar uba sai ta fara sauke tarin JavaScript, ta sarrafa shi, sannan ta sake komawa saba ta roƙo makin. A waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da sabis mai ɗaukewa, wannan farin allo ne da ɓarnar data, alhali da saba ta haɗa HTML ta turo, da tuni ya gani ya rufe. Ga kuma tarin dogaro da kayan wasu. A Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye ƙaramin kunshinsa mai suna left-pad daga npm, ma'ajiyar kunshin kod na JavaScript, layi 11 kacal, sai ginin dubban manhajoji ya tsaya cak, har da masu dogaro da Babel da React. Google ya daina kula da AngularJS a ƙarshen 2021, bayan tun 2016 ya sake rubuta Angular ta yadda tsohon kod ba ya hawa sabon. Create React App, wanda shekaru aka yi ana koya wa kowa ya fara da shi, an yi masa ritaya a Fabrairun 2025. Fom ɗin HTML da aka rubuta a 2005 kuwa har gobe yana buɗewa. A ƙaramar manhaja, da wuya in ga dalilin ɗauko firemwok na burauza, sai fa in allon ne ainihin aikin, kamar manhajar zane ko ta hira kai tsaye. Ɗan motsin da ake so a shafi, 'yan layukan JavaScript ko ƙaramin abu irin htmx sun wadatar.

Masu ƙin firemwok sukan kafa hujja da Pieter Levels, ɗan ƙasar Holan ɗin nan da ya sha faɗa a fili cewa shafinsa na neman aiki, Remote OK, a kan fayil ɗin PHP guda yake tafiya, da jQuery da SQLite, kuma yana kawo masa kuɗi. Gaskiya ne, kuma ya nuna yawan baƙi ba shi ke wajabta firemwok ba. Sai dai shi kaɗai ke rubutawa, shi ke gyarawa, kod ɗin a kansa yake. Manhajar makaranta ko ta ƙaramin asibiti ko ta ƙungiyar 'yan kasuwa ba haka take ba. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ko ɗalibi mai neman na kashewa ya yi ta, shekara ta zagayo ya tafi. Wanda ya gaje ta, in Laravel ce, ya san inda zai tarar da jerin adireshi, ya san inda tsarin tebura yake, yana da tarihin kowane sauyi da aka yi wa rumbun bayanai a fayil-fayil, in ya maƙale kuma akwai littafin jagora da dubban mutanen da suka taɓa maƙalewa a wurin. In kuwa tsarin kan wani ne, da fayil mai suna functions2 da wani mai suna sabo_final, yawanci abin da zai ce wa mai makaranta shi ne a zubar a sake sabuwa. An biya sau biyu ke nan.

Tsakanin biyun akwai ƙananan firemwok: Flask, wanda Armin Ronacher ya fara a matsayin wasan ranar ɗaya ga Afrilun 2010 mutane suka karɓe shi da gaske, da Express na Node.js, da Slim na PHP. Suna raba adireshi su bar maka sauran. Sun dace da aikin da ke da ƙofa biyu ko uku, misali wanda zai karɓi sanarwar biyan kuɗi ya rubuta a rumbu. Amma idan ka ga kana ƙara wa Flask kunshin shiga, da na fom, da na rumbun bayanai, da na shafin gudanarwa, to Django kake haɗawa da hannu, kuma kowane kunshi da ranar sabuntawarsa. Wasu harsunan ma sun rage buƙatar abin: tun siga ta 1.22 a Fabrairun 2024, harshen Go ya inganta raba adireshin da yake yi da kansa, yadda mutane da yawa ba sa ƙara komai.

Shafin da ke nuna sunan kamfani da kayansa da lambar waya ba ya buƙatar ko saba mai tunani, HTML da CSS sun gama. Abin lissafin gado ko na zakka da ba ya ajiye komai, fayil ɗaya ne. Fom na taron kwana uku da za a goge bayan an tashi, PHP tsura da PDO ta isa. Inda abin ke da wuya shi ne aikin da ya fara a haka sannan ya riƙa tsiro, yau a ce a ƙara wurin gyara, gobe a ce sakatare ma zai riƙa shiga. Dabarar da na fi yarda da ita a nan ita ce tun ranar farko a ware kod ɗin da ke magana da rumbun bayanai a fayil ɗinsa, kada a cakuɗa shi da HTML, yadda in ƙaura ta zo ba sai an warware komai ba. Ranar da mai aiki ya fara maganar kalmar sirri ko karɓar kuɗi, ranar ce ta ƙaura, ba bayan an ƙara shafi goma ba. A zaɓi firemwok na harshen da aka riga aka iya, in Django ne a ɗauki sigar dogon zango, sannan a rubuta kuɗin sabuntawa na shekara-shekara a cikin takardar yarjejeniya, da sunan wanda zai riƙa yi.